Yadda Za Ka Gyara Sabis Ɗinka a Ƙwallon Tebur

Shekarun baya na kara da wani dattijo da ciwon gwiwa ya hana shi zirga-zirga a bakin tebur. Na fi shi sauri, na fi shi ƙarfin bugu, amma ya cinye ni wasa uku a jere, kuma kusan duk makin da ya tara daga sabis ya fito, wato bugun farko da ake buɗe kowane maki da shi. In na tura ƙwallon ta nutse a raga. In na ɗan ɗaga hannu ta tashi sama, shi kuwa yana tsaye wuri guda ya maka ta. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, a idona sabis ɗaya yake ta maimaitawa. Bayan mun gama na ce masa, "Baba, me kake yi wa ƙwallon nan?" Ya ɗauki bat ɗinsa ya nuna mini wurare biyu a jikin robar, ɗaya kusa da baki, ɗaya kusa da mariƙi, ya ce nan da nan ne kawai. Tun daga ranar nake ware wa sabis lokacinsa daban.

A duk bugun da ke cikin wasan nan, sabis ne kaɗai abokin karawarka ba shi da hannu a ciki. Ƙwallon tana tafin hannunka, kai za ka zaɓi lokacin jefa ta, da inda za ta sauka, da irin juyin da za ta ɗauka. Tun 2001 da aka mayar da wasa maki 11, kowa na yin sabis biyu ya miƙa wa ɗan'uwansa, in an kai 10 da 10 a koma ɗaya-ɗaya. Ke nan kusan rabin makin kowane wasa daga hannunka yake farawa. Duk da haka za ka ga mutum ya shafe awa biyu yana musayar bugu da abokinsa, bai ba sabis ko minti biyar ba.

Mataki na farko: daidaita da doka tun kafin hannu ya saba

Na sa wannan a gaba ne domin abin da hannu ya saba da shi yana da wuyar kankarewa. Dokar hukumar ƙwallon tebur ta duniya, ITTF, a bayyane take. Ƙwallon za ta zauna a buɗaɗɗen tafin hannu, hannun a tsaye cak, ba a kan yatsu ba. Za ka cilla ta sama kusan a miƙe, ba tare da ka murza ta ba, ta tashi aƙalla santimita 16 daga tafin hannunka, sannan ka buge ta tana kan hanyar saukowa. Daga lokacin da ka fara har ka buga, dole ta kasance sama da fuskar tebur kuma bayan layin ƙarshe na ɓangarenka. Tun 2002 kuma an hana ɓoye ta: kafaɗa, ko kai, ko riga, ko hannun da ya jefa ta, babu wanda zai shiga tsakaninta da idon mai karɓa. Da ka cilla, janye hannun.

Tsayin raga santimita 15.25 ne, don haka ga ma'auni mai sauƙi: jifarka ta zarce tsayin raga. Ni shawarata ka riƙa kai ta daidai goshinka ko sama da haka, don kada alƙalin wasa ya samu abin shakka. Kada ka ɗauka manya sun fi ƙarfin wannan doka. A wasan ƙarshe na mata a gasar Olamfik ta Landan a 2012, an cire wa Ding Ning ta ƙasar Sin maki saboda sabis ɗinta, hankalinta ya tashi har ta yi hawaye, Li Xiaoxia kuma ta ɗauki zinaren. A wasan mutum biyu-biyu akwai ƙarin sharaɗi: sabis yana tashi daga rabin dama na ɓangarenka ya sauka a rabin dama na mai karɓa.

Yi jifar kaɗai, ba bat a hannu, sau hamsin. Cilla, ka bar ta ta dawo tafin hannunka ba tare da ka bi ta ba. In kana miƙa hannu gaba ko gefe kafin ka cafe, jifar ba ta miƙe ba tukuna. Ɗaga ta da dukan hannu daga gwiwar hannu, kada ka ɗalle ta da yatsu.

Mataki na biyu: kayan aiki

Nemi ƙwallaye masu yawa, hamsin ko fiye, irin na atisaye, da bokiti ko kwali da za ka ajiye kusa da hannunka. Mai ƙwallo ɗaya tsintuwa yake yi, ba atisaye ba. Jingina wani abu mai laushi a bayan teburin, kamar labule ko bargo, ya riƙa tare su. Sai roba mai kamu. Goga ƙwallo a hankali a kan robarka: in ta zame salin-alin kamar a kan gilashi, robar ta mutu, kuma duk iya ƙoƙarinka ba za ta ba ka juyi ba. In ƙura ce kawai, ɗan ruwa da soso mai laushi sun isa.

Mataki na uku: riƙo da tsayuwa

Riƙon da kake musayar bugu da shi yana ɗaure wuyan hannu. Don sabis ta cikin hannu, wato wanda tafin hannunka ke fuskantar ƙwallo, sassauta shi. Kama bat ɗin da babban yatsa a fuska ɗaya da manuniya a ɗaya fuskar, a gindin robar, sauran yatsu uku su saki mariƙin su naɗe a bayansa. Yanzu kaɗa wuyan hannunka ka gani: bat ɗin yana lilo yadda ya ga dama, mariƙin yana wucewa ba ya dukan komai. Masu riƙe bat kamar yadda ake riƙe alƙalami sun samu wannan sakewar tun asali, shi ya sa sabis ɗinsu ke da dafi.

In da dama kake wasa, tsaya a kusurwar hagu ta ɓangarenka, ka ba teburin gefe, ƙafar hagu a gaba, gwiwoyi a ɗan lanƙwashe, ka ranƙwafa har ƙwallon ta zo kusa da cikinka. Bahago sai ya juya komai. Nauyinka ya fara a ƙafar baya ya koma ta gaba daidai lokacin bugu. Da ƙwallon ta bar bat, ka mayar da riƙonka na wasa ka juyo ka fuskanci tebur. Wannan komawar wani ɓangare ne na sabis ɗin, kuma duk sabis da za ka yi a atisaye ka haɗa da ita.

Mataki na huɗu: koyon juyi, nesa da tebur

A nan mafi yawan mutane suke ɓata, kuma a nan zan fi daɗewa.

Juyi daga shafa yake fitowa. In ka daki ƙwallo a tsakiyarta, ƙarfinka ya tafi wajen tura ta gaba. In ka shafi fatarta siriri da sauri, robar ta kama ta ta murza, ƙarfin ya koma juyi, ita kuma ta tafi a hankali. Abin da ke rikita mai koyo shi ne, gajeren sabis mai juyi yana buƙatar bat ya yi gudu sosai. Tsoron kada ƙwallon ta zarce yakan sa mutum ya rage saurin hannu, sai ta fita ba juyi ba komai. Saurin hannu yana nan yadda yake, kaurin taɓawar ne ake ragewa.

Bar teburin tukuna, domin raga da layi suna sa fargaba. Samu ɗaki mai daɓe mai santsi. Shimfiɗa bat ɗinka kamar faranti, fuskarsa na kallon sama, ka cilla ƙwallo, ka yanki ƙasanta zuwa gaba, ka bar ta ta faɗi can gabanka taku biyu ko uku. Zuba mata ido. Da farko za ta yi ta tsalle ta wuce abinta. Bayan kwanaki za ka ga ta tsaya inda ta sauka tana ɗan rawa. Wata rana kuma za ta sauka, ta yi tsalle biyu, ta juyo da gudu ta daki yatsun ƙafarka. Ranar da hakan ta faru, hannunka ya gane juyin baya. Kana iya yin wannan a kan gado ko kujera ma, in dai wurin zai nuna maka dawowar.

Yi amfani da kunnenka. Bugu mai kauri yana yin "ƙwas", ƙarar katako. Shafa mai kyau kusan ba ta da ƙara, sai ɗan "shif" na roba. In kana jin katako, ka yi kauri. Kada ka damu in kana kuskuren ƙwallon gaba ɗaya, bat ya wuce ta faɗi ƙasa. Wanda yake kuskure ta lokaci-lokaci yana kusa da siririn da ake nema, ya fi wanda kullum yake samunta da "ƙwas".

Wuyan hannu ne mai aikin ƙarshe. Ja shi baya kafin bugu, damtse ya fara tafiya, wuyan hannun ya fizgo daidai lokacin taɓawa, yatsun nan biyu su ɗan matse a wannan ƙiftawar kawai. Kafin nan da bayan nan hannu a sake yake. Hannun da ya ƙage tun daga kafaɗa ba ya fizga.

Ga wata dabara da ta taimake ni: zana layi da alƙalami mai kauri kewaye da wasu ƙwallaye, ko ka shafa wa rabinsu baƙin launi. Da ido za ka ga ko suna juyawa, da ɓangaren da suke juyawa.

Idan ka koma tebur, gwajin shi ne wanda Ma Lin, zakaran Olamfik na 2008, ya shahara da shi: ƙwallo ta tsallaka raga, ta yi tsalle biyu ko uku, ta juyo ta koma jikin ragar da kanta. Ba lallai ka yi irin wannan a wasa ba, domin yakan ɗan yi sama kuma ba shi da sauri, amma a matsayin ma'aunin juyi ba shi da na biyu.

Mataki na biyar: ƙasa-ƙasa, da sanin inda za ta fara sauka

Sabis mai juyi da ya tashi sama kyauta ce ga mai karɓa. Abu biyu ke sa ƙwallo ta yi sama: ka buge ta tun tana can sama, ko ka doka ta ƙasa a kan tebur. Jira ta sauko daidai tsayin raga ko ƙasa da haka kaɗan, sannan ka tura ta gaba. Iya tsayin da ta faɗo daga shi, kusan iya shi za ta tashi.

Ɗaura zare tsakanin sanduna biyu a saman ragar, ka bar tazarar kamar yatsu huɗu, ka riƙa zura sabis ɗinka tsakanin zaren da ragar. In ka saba, rage tazarar. Za ka riƙa taɓa raga da yawa, ba laifi: a wasa, sabis da ya taɓa raga ya sauka daidai sakewa ake yi, ba a cire maki.

Tsawon tebur mita 2.74 ne, kowane ɓangare mita 1.37, kuma a cikin wannan ɗan fili ake samun sabis iri uku. Gajere shi ne wanda in an ƙyale shi zai yi tsalle biyu ko fiye a ɓangaren mai karɓa, don haka teburin ya hana shi ja da baya ya kai hari. Dogo shi ne mai sauka can kusa da layin ƙarshe da gudu. Na tsakani kuwa, tsallensa na biyu yana faɗawa daidai kan farin layin ƙarshe, mai karɓa ya rasa ko zai fita ko ba zai fita ba, ya yi jinkiri. Wannan na ukun shi ne mafi amfani a wurina, kuma shi ne mafi wuya, domin in ya zarce da ɗan yatsa ɗaya ya zama abincin mai hari.

Masu koyo suna kallon inda ƙwallo za ta sauka a can, alhali saukar farko a ɓangarenka ita ke yanke hukunci. Don gajere, ta fara sauka daga tsakiyar ɓangarenka zuwa kusa da raga. Don dogo, ta fara sauka kusa da layin da kake tsaye. Manna 'yar takarda a wurin da kake nufi a ɓangarenka, ka riƙa kallonta. A ɗaya ɓangaren shimfiɗa takarda mai faɗin littafin rubutu a matsayin abin saiti, in ka fara samunta bakwai cikin goma ka ninke ta biyu.

Mataki na shida: sabis biyu masu fuska ɗaya

Mu koma kan dattijon nan. Idan bat yana lilo daga wuyan hannu, bakinsa ya fi gindinsa gudu nesa ba kusa ba. Ƙwallon da ta taɓa kusa da baki za ta ɗauki juyi mai nauyi. Wadda ta taɓa kusa da mariƙi, da motsi iri ɗaya, za ta fita fanko, wato ba juyi, ko kusan fanko. Mai karɓa ya ga hannu ya fizga, ya ɗauka juyin baya ne mai nauyi, ya buɗe bat ya tura, sai ƙwallon ta tashi sama. A na gaba ya ce fanko ce, ya taɓa ta sama-sama, ta nutse a raga. Bayan maki huɗu ko biyar ya daina yarda da idonsa, daga nan kuma duk abin da ka ba shi da ɗar-ɗar zai karɓa.

Wannan ya ƙara muhimmanci a yanzu. A 2000 an ƙara girman ƙwallo daga milimita 38 zuwa 40, a 2014 kuma aka koma ƙwallon filastik, kuma duk sauyin biyu sun rage yawan juyi. Ga dokar hana ɓoyewa a kai. Juyi mai nauyi shi kaɗai ba ya kashe ƙwararre kamar da. Abin da ke ci yanzu shi ne bambanci tsakanin abin da ya gani da abin da ya zo masa. Jan-Ove Waldner na Suwidin, wanda ya ci zinare a Basalona a 1992, har yau ana kallon tsoffin wasanninsa saboda wannan: motsi ɗaya, abin da ke fitowa daban-daban.

Ga yadda za ka gina shi. Yi juyin baya goma a jere, gajeru, wuri ɗaya. Yi fanko goma, wuri ɗaya, tsayi ɗaya, gudu ɗaya. Sannan ka riƙa cakuɗa su ɗaya bayan ɗaya. Bayan haka ka jingina wayarka a ƙarshen teburin, daidai inda idon mai karɓa zai kasance, ka ɗauki bidiyo. Ka bar shi sai washegari, lokacin da ka manta jerin da ka bi, ka kalla ka gwada cankar wanne ne wanne. In kai ka gane tun kafin ƙwallon ta sauka, abokin karawarka ma zai gane. Nemo abin da ya tona ka. Galibi ɗayan ukun nan ne: hannu yana rage gudu a fanko, ko jifar tana canza tsayi, ko bat yana ƙarewa a wani wuri daban. Wani ma fuskarsa ce, yakan cije leɓe duk lokacin da zai yi mai nauyi.

Ƙarashen motsi yana da nasa aikin. Bayan ƙwallon ta bar roba, duk abin da bat ya yi ba ya shafarta, amma yana shafar idon mai kallo. In ka yi fanko, ƙarasa da yanka kamar ka zuba juyin duniya.

Mataki na bakwai: juyin gefe

Sai ka mallaki biyun can za ka zo nan. Sabis ɗin lilo shi ne ya fi yawa a duniya: gwiwar hannu a ɗage, bat na rataye ƙasa, yana lilo daga dama zuwa hagu ga mai wasa da dama. Daɗinsa shi ne lilo ɗaya yana da wurare da yawa. Taɓa ƙwallon lokacin da bat yake gangarowa, ka samu gefe haɗe da juyin baya. Taɓa ta a gindin lilon, gefe zalla. Taɓa ta lokacin da ya fara haurawa, gefe haɗe da juyin gaba. Tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai ƙiftawar ido ba.

Riƙe wannan ƙa'ida, domin ita za ta gaya maka inda za ka jira amsa: ƙwallon tana tashi daga bat ɗin mai karɓa ta nufi ɓangaren da bat ɗinka ya tafi. Lilo ya tafi hagu, amsar za ta karkata hagunka, wato bayan hannunka, inda kake tsaye kana jira. Sabis ɗin bayan hannu, da juyayyen lilo wanda Zhang Jike ya yi suna da shi, da mai kama da saran gatari irin na Ding Ning da Kenta Matsudaira na Japan, duk juyinsu kishiyar na lilo ne, amsarsu takan karkata damanka. Zaɓi guda ɗaya daga cikinsu don ka samu gefe biyu. Na bayan hannu ya fi sauƙin koyo, kuma yana barinka kana fuskantar tebur tun daga farko. Dimitrij Ovtcharov na Jamus ya kai matakin ƙoli da irinsa. Juyayyen lilo yana da kyau a ido amma yana cin watanni kafin ya zauna, kada ka fara da shi.

Jifa mai tsayi, wadda 'yan wasan Sin suka yaɗa a shekarun 1970, tana ƙara wa ƙwallo gudun faɗowa kuma tana karya lissafin mai karɓa. Ajiye ta sai jifarka ta yau da kullum ta daina karkacewa.

Mataki na takwas: dogo mai gudu

In duk sabis ɗinka gajeru ne, mai karɓa zai kwanto a kan tebur yana jira, musamman masu fizgar gajeriyar ƙwallo da bayan hannu, waɗanda suka yi yawa a wannan zamani. Dogon sabis ne ke mayar da shi baya. Buge ta ƙasa sosai, daf da fuskar tebur, ta fara sauka kusa da layinka, ka sa nauyin jiki a ciki. Wurare uku ake nufa: can kusurwar bayan hannunsa, ko miƙe ta layin gefe zuwa cikin hannunsa in ka ga ya karkata, ko gwiwar hannun da yake riƙe da bat, inda zai rasa da wane gefe zai karɓa. Jera kofunan roba uku a waɗannan wurare ka riƙa kayar da su. Sharaɗin ɗaya ne: shirinsa ya yi kama da na gajeren har zuwa lokacin taɓawa. Dogon da ya zo a sanyaye ko ya sauka a tsakiyar tebur ya fi kowane sabis haɗari gare ka.

Mataki na tara: ƙwallo ta uku

Da ka fara haɗuwa da waɗanda suka iya, sabis zai daina ci maka maki kai tsaye. Aikinsa zai koma tilasta wa mai karɓa ya ba ka amsar da ka sani, don ka kai hari a ƙwallo ta uku, wato bugunka na farko bayan ya mayar da sabis ɗin. Gajeren juyin baya yakan jawo doguwar turawa mai juyin baya, sai ka shirya ɗaga ta da juyin gaba. Fanko yakan dawo ɗan sama, sai ka shirya mari. Gefe mai juyin gaba da dogo mai gudu suna dawowa da sauri, sai ka ɗaga bat sama ka ɗan ja baya.

Wannan mataki sai da abokin atisaye. Ka gaya masa sabis ɗin da za ka yi da inda zai mayar, ku yi minti biyar kana kai hari a ta uku. Sannan ka bar shi ya mayar duk inda ya so. Daga ƙarshe kada ka gaya masa komai. Ku yi musaya, shi ma ya yi nasa, domin karɓar sabis ɗin wani tana koya maka abin da ke ba mai karɓa wahala. Ka riƙa tambayarsa kuma: wanne ya fi damunka, wanne ka gane tun daga nesa?

Yadda za ka tsara lokacinka

Minti goma sha biyar zuwa ashirin, sau uku ko huɗu a mako, ya fi awa biyu rana ɗaya. Wuyan hannu yana gajiya, hankali ma haka, kuma sabis ɗin da aka yi cikin gajiya mugun sabo yake koyarwa. Kada ka wuce iri biyu a zama ɗaya. Fara da jifa da shafa na minti uku, ka ba babban sabis ɗinka da tagwayensa minti goma, dogo ya samu minti uku.

Kada ka riƙa watsa ƙwallaye kamar inji. Ɗauki ɗaya, tsaya, ƙudura a ranka irin juyin da wurin saukar, yi sabis, koma tsayuwar wasa, kalli abin da ƙwallon ta yi har ta tsaya, sannan ka ɗauki wata. Riƙe ɗan littafi ka rubuta nawa ka samu cikin ashirin, domin ci gaban sabis a hankali yake zuwa, in ba a rubuce ba sai ka ɗauka ba ka motsa ba.

Rufe kowane zama da gwajin matsi. Ka ce wa kanka ana 9 da 9, sabis naka ne, kuma sai ka samu biyar masu kyau a jere za ka tafi. In na huɗu ya yi sama ko ya zarce, koma ɗaya. Za ka ji hannunka ya fara ƙagewa a na huɗu da na biyar, irin ƙagewar da ke zuwa a wasan gaske, kuma gara ka saba da ita a nan.

Idan ka shiga wasa da sabon sabis, ka sa rai zai ci amanarka a makonnin farko: zai yi sama, zai zarce, za a maka maka shi. Kada ka jefar da shi saboda haka, ka riƙa sa shi a wasannin sada zumunta har ya zauna. A wasan farko da baƙon abokin karawa, gwada masa kowane iri sau ɗaya ka lura da wanda ya sa shi jinkiri. In ka samu wanda yake ci, ci gaba da shi kana canza wurin sauka, amma ka ɓoye guda ɗaya da bai gani ba sai an zo ƙarshen wasa. Kafin kowane sabis kuma ka ɗaga ido ka duba ƙafafunsa da yadda ya riƙe bat. In ya matso ya kwanto kan tebur, aika masa dogo a gwiwar hannu. In ya ja baya yana jiran dogo, sauke masa gajere a cikin hannunsa, kusa da raga.